SHARHI: Masarar Gugguru Da Batun Adana Irin Gado A Jihar Borno

Duk wanda ya bi ta Kasuwar Monday ko bakin tashoshin mota na Maiduguri da la'asar, zai ga masu sayar da gugguru a gefen hanya, wasu da injin gilashi, wasu da ƙulli-ƙulli a cikin faranti. Sana'a ce wadda manyan 'yan kasuwa ba su cika ɗaga ido su dube ta ba, domin jarinta kaɗan ne, cinikinta kuma na yara ne da matafiya. Amma idan mutum ya tsaya ya tambayi inda ƙwayar masarar ta fito, sau da yawa za a nuna masa buhun da ya yi tafiya mai nisa kafin ya iso, wani lokaci ma daga ƙetaren teku. Wannan ƙaramin al'amari ya isa ya sa mu yi wa kanmu tambaya mai nauyi: ina irin da kakanninmu suka bari, kuma wa ke tsaronsa a yau?

Ya kamata tun farko a fahimci cewa ba kowace masara ce ke yin gugguru ba. Masarar gugguru ƙananan ƙwayoyi gare ta, masu tauri ƙwarai, da ɓawo mai ƙarfi wanda ba ya barin tururi ya fita. A cikin kowace ƙwaya akwai ɗan danshi, kimanin kashi 13 zuwa 14 cikin 100. Idan zafi ya kai wajen digiri 180 a ma'aunin Salshiyos, danshin nan sai ya koma tururi, ya matsa wa ɓawon har ya fashe, garin ciki ya kumbura ya fito fari. Masara mai kyau takan ninka girmanta sau 30 zuwa 40. A nan ribar sana'ar take, domin mai gugguru da awo yake saye, amma da cikar leda yake sayarwa. Irin da ba ya kumbura sosai, ko wanda ke barin ƙwayoyi da yawa a gindin tukunya ba su fashe ba, asara ce tsantsa ga mai sana'a.

Wannan hali na fashewa gado ne a jikin irin, kuma yana da saurin lalacewa. Iska ce ke ɗaukar garin furen da ke saman karan masara ta kai shi kan gashin goyon wata, ko da a gonar maƙwabci take. Idan aka shuka masarar gugguru kusa da masarar tuwo, suka yi fure lokaci guda, irin da za a ɗiba a wannan gona ya riga ya gauraya, bayan shekara biyu ko uku sai a tarar ya daina fashewa kamar da. Shi ya sa masu samar da iri ke barin tazarar mita 200 zuwa 400 tsakanin gonakin masara iri daban-daban, ko kuma su bambanta lokacin shuka. Ke nan iri yana iya ɓacewa ba tare da gobara ko fari ba. Sakaci kaɗai ya isa ya kashe shi.

Akwai darasi babba a ƙasar Meziko, wadda ita ce mahaifar masara. A can ne mutane suka fara noma ta kimanin shekaru 9,000 da suka wuce, kuma masana sun ƙidaya manyan nau'o'in masarar gado 59 na ƙasar. Ɗaya daga cikin mafi tsufa a cikinsu ita ce masarar gugguru ta tsaunukan Toluca, wadda suke kira Palomero Toluqueño. Da kasuwa ta cika da masarar gugguru mai araha daga Amurka, manoma suka yi ta barin tasu, har ta kai ga 'yan tsirarun gidaje ne kawai ke shuka ta, kuma kusan duk guggurun da ake ci a Meziko ya koma na ƙwayar da aka sayo daga waje. Abin da ya taimaka wajen farfaɗo da ita shi ne cewa cibiyar bincike kan masara da alkama ta duniya, wato CIMMYT, wadda ke ƙasar, ta daɗe da adana samfurinta a cikin tarin masara wajen 28,000 da take riƙe da su, sai aka ɗebo aka mayar wa manoma. Idan ƙasar da ta haifi masara za ta iya wayar gari tana sayen gugguru a hannun maƙwabciyarta, mu da muka karɓi masara a matsayin baƙuwa ba mu da dalilin sakin jiki. Hausawa sun ce in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Alaƙar Borno da masara ba ta jiya ba ce. Sunan da Bahaushe da Babarbare ke kiranta da shi yana nuni da ƙasar Masar, kuma masana tarihin noma da dama suna ganin cewa masara mai taurin ƙwaya, mai saurin nuna, ta shigo yankin Tafkin Chadi ne ta hanyar fatake da alhazai da ke ƙetare Sahara, dabam da wadda Turawan Fotugal suka sauke a bakin teku. Ɗaruruwan shekaru manoma suka yi suna zaɓen goyon da ya fi kyau a bayan gida da bakin fadama, suna rataye shi a saman murhu don hayaƙi ya kore masa ƙwari, har damina ta zagayo. Da wannan zaɓe na shekara da shekaru aka samu masarar da ta saba da zafinmu da gajeriyar daminarmu. Haka kuma lokacin da Tafkin Chadi ya janye, daga faɗin murabba'in kilomita kusan 25,000 a shekarun 1960 zuwa abin da bai kai 2,000 ba a tsakiyar shekarun 1980, dubban masunta da manoma a yankin Baga suka koma shuka masara da wake a kan danshin da ruwa ya bari, ba taki, ba ban-ruwa, suna cika motoci zuwa Maiduguri da gaba da ita.

Maganar ba ta tsaya kan masara ba. A ƙasar firki ta yankunan Dikwa, Marte da Ngala akwai dawar masakwa, wadda ke cikin abubuwan ban mamaki na noman wannan nahiya. Ana yafa ta a ƙarshen damina, a dasa ta cikin baƙar laka bayan ruwa ya janye wajen watan Oktoba, ta girma cikin hunturu ba tare da ɗigon ruwan sama ba, a girbe ta a Janairu ko Fabrairu, daidai lokacin da hatsin damina ya fara ja baya a kasuwa. Ba wata cibiyar bincike ce ta ƙirƙiro masakwa ba. Manoman Kanuri da Shuwa da maƙwabtansu ne suka raine ta, suka rarraba ta nau'i-nau'i gwargwadon launin ƙwaya, daɗin tuwo da irin ƙasar da kowace ke so. Haka abin yake ga kaura da farafara a dawa, da zango da maiwa a gero, da kanannado da jan wake na Borno wanda 'yan kasuwar Kudu ke nema da sunansa.

Abin da ya sa wannan batu ya zama na gaggawa a Borno fiye da ko'ina shi ne abin da jihar ta gani tun daga 2009. Rikicin da ya ɓarke a wannan shekara ya raba mutane fiye da miliyan biyu da gidajensu a Arewa maso Gabas. An kai wa Baga mummunan hari a 2013, aka sake a Janairun 2015. An ƙone rumbuna, an bar gonaki shekaru ba shuka. Mutumin da ya tsere da rai a tsakiyar dare ba ya tsayawa ɗaukar damin iri. Wanda ma ya samu ya ɗauka, yunwar sansani ta sa ya daka ya ci, ko kuma irin ya mutu a ajiye, domin ƙwayar masara a zafi irin na Maiduguri ba ta daɗewa kafin ƙarfin tsirarta ya ragu. Irin gado ba kamar zinariya ba ne da za a binne a dawo a tarar. Sai ana shuka shi ana sabunta shi yake rayuwa. Bayan haka kuma ga gobarar Kasuwar Monday ta watan Fabrairun 2023, ga ambaliyar da ta biyo bayan ɓallewar madatsar ruwa ta Alau a ranar 10 ga Satumban 2024, wadda ta shafe babban ɓangare na birnin da gonakin kewaye, shekaru 30 bayan makamanciyarta ta 1994.

Gwamnati da ƙungiyoyin agaji sun raba iri ga manoman da suka koma garuruwansu, kuma wannan aiki ne da ya ceci rayuka, babu mai musun haka. Sai dai irin agaji, bisa ga yanayinsa, nau'o'i kaɗan ne waɗanda kamfanoni ke iya samarwa da yawa cikin gaggawa. Ƙauyen da a da yake da dawa kala biyar ko shida, kowace da ƙasarta da amfaninta, yana iya komawa shuka guda ɗaya tak. Idan aka ɗauki shekaru a haka, tsofaffin da suka san sunaye da halayen sauran suka kau, to an yi asarar da babu kasafin kuɗin da zai maido ta.

Mai karatu ɗan kasuwa zai iya cewa, to mene ne nawa a ciki? Tarihin kasuwancin Arewa da kansa ya ba da amsa. A 1975 cutar kuturtar gyaɗa, wadda ƙwarin darɓa ke yaɗawa, ta afka wa gonakin Arewacin Nijeriya, ta lalata kimanin hekta 700,000, asarar da aka ƙiyasta ta kai dalar Amurka miliyan 250. Wannan annoba, haɗe da farin 1972 zuwa 1974, tana cikin abubuwan da suka kawo ƙarshen dalar gyaɗa ta Kano. Ba manoma kaɗai suka ji jiki ba, har da dillalai, masu motoci, masu matse mai da bankunan da suka ba da bashi. To ina aka samo maganin? Jinin gyaɗar da ke jure wa wannan cuta an gano shi ne tun shekarun 1950 a cikin irin gado na manoman kan iyakar Burkina Faso da Kwaddibuwa, kuma daga wannan tushe masu bincike, har da na Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, suka yi ta fitar da ingantattun iri. Da waɗancan manoma sun watsar da gyaɗarsu tun da wuri, da ba a san inda za a dosa ba.

Irin wannan ya faru a Amurka a 1970. Kusan kashi 85 cikin 100 na masarar ƙasar a lokacin tushe ɗaya suka haɗa ta wajen uwa, sai wata cutar ganye da ta dace da wannan tushe ta bazu, ta cinye kimanin kashi 15 cikin 100 na amfanin shekarar. Darasin a bayyane yake: idan gonakin ƙasa duka iri ɗaya ne, cuta ɗaya ta isa ta durƙusar da su gaba ɗaya. Mu ma mun ga yadda baƙuwar tsutsar masara da aka fara gani a Nijeriya a farkon 2016 ta bazu cikin nahiyar a ɗan lokaci. Ba wanda ya san annobar da za ta zo nan gaba, haka kuma ba wanda zai iya cewa ga irin da maganinta ke ciki. Dalilin ajiye su duka ke nan.

Ta ɓangaren riba ma misalai suna nan. Geron da masu binciken Samaru suka tace daga irin manoman Borno, wanda har yau ake kira Ex-Borno, ya zama tushen da masu inganta gero suka yi ta aiki da shi a ciki da wajen Nijeriya. Geron SOSAT, wanda Cibiyar Binciken Tafkin Chadi da ke nan Maiduguri ta gabatar wa manoma a shekara ta 2000, an haɗa shi ne daga irin gado na ƙasar Mali. Wani geron manoman Arewacin Togo mai suna Iniadi shi ne tushen irin da cibiyar ICRISAT ta fitar a Indiya a 1988, wanda aka shuka a dubban ɗaruruwan hekta a can. Waken da ke jure wa ƙuduji, wato wuta-wuta, wanda ya amfani manoman Arewa, an samo ƙarfinsa daga wani waken gargajiya na ƙasar Botswana. Kowane ingantaccen iri da ake tallarsa a yau, idan aka bi salsalarsa, a rumbun wani talaka zai tsaya.

Adalci ne a saurari masu ra'ayi dabam. Suna cewa irin gado ba ya yabanya kamar ingantacce, wani yana daɗewa bai nuna ba alhali damina sai ƙara gajarta take yi, kuma ba daidai ba ne a nemi manomi mai iyali ya zauna cikin talauci don ya yi wa duniya gadin kayan tarihi. Wannan magana tana da ƙanshin gaskiya. Ingantacciyar masarar da cibiyar IITA ta Ibadan da abokan aikinta suka fitar tun shekarun 1970 ita ce ta mayar da masara babbar hajar kasuwa a Arewa. A Kudancin Borno ma, shirin PROSAB da aka gudanar daga 2004 zuwa 2009 a ƙananan hukumomin Biu, Damboa, Hawul da Kwaya Kusar ya nuna yadda sabon irin masara da waken soya ke ɗaga samun manomi. Babu mai hankalin da zai ce a koma baya. Abin da muke cewa shi ne, tun da amfanin adana irin gado na kowa ne, bai kamata nauyinsa ya faɗa kan manomi shi kaɗai ba. Ko dai a samar masa kasuwar da za ta biya shi, ko kuma hukuma ta ɗauki ɗawainiyar ajiyar.

Yadda za a yi ajiyar kuwa, ƙasar Siriya ta koya wa duniya. Cibiyar ICARDA tana da babbar taskar iri kusa da birnin Halab, yaƙi ya zo ya raba ma'aikatanta da wurin. Amma tun kafin haka sun riga sun aika da kwafin mafi yawan abin da suke da shi zuwa rumbun iri na duniya da ke tsibirin Svalbard na ƙasar Norway, wanda aka buɗe a Fabrairun 2008. A 2015 suka karɓo ajiyarsu, suka sake shukawa a Labanan da Maroko. Abin alfahari ne cewa akwatunan IITA daga Ibadan suna cikin na farko da suka isa wannan rumbu. Ba a fafe gora ranar tafiya. Wanda ya raba ajiyarsa wuri uku, ko gobara ta ci ɗaya, biyu suna nan.

Saboda haka, mataki na farko shi ne tattarawa, kuma yanzu ne lokacinsa, tun tsofaffin manoma, musamman mata waɗanda su ne masu ajiyar irin wake, kuɓewa, riɗi da masarar bayan gida, suna raye. Cibiyar Binciken Tafkin Chadi, Jami'ar Maiduguri, Kwalejin Aikin Gona ta Mohamet Lawan da malaman gona na jiha suna da ma'aikatan da suka san ƙasar, suka ji harsunanta. Su bi garuruwan da aka koma, da unguwannin da masu gudun hijira suka zauna, har da 'yan'uwa da ke Diffa da Arewacin Kamaru waɗanda irinsu da namu ɗaya ne, su karɓi samfur tare da sunansa, garinsu, lokacin shukarsa da abin da ake yi da shi. Irin da ba a rubuta bayaninsa ba, rabin amfaninsa ya tafi. Hukumar Raya Arewa maso Gabas, wadda aka kafa da dokar 2017 domin sake gina yankin, ya dace ta ɗauki wannan a matsayin wani ɓangare na sake ginin, tun da kuɗin da zai ci bai kai na 'yan kilomitocin titi ba.

Mataki na biyu shi ne ajiya a wuri fiye da ɗaya: kwafi a Maiduguri, kwafi a Samaru, kwafi a cibiyar adana iri ta ƙasa, NACGRAB, da aka kafa a Ibadan a 1987. Ƙa'idar da masana ke bi ita ce, duk lokacin da aka rage danshin iri da kashi 1 cikin 100, ko aka rage zafin ɗakin da digiri 5, tsawon rayuwarsa yakan ninka. Busasshiyar iskarmu ta hunturu ta sauƙaƙa mana rabin aikin. Saura sanyi, kuma duk wanda ya tuna yadda Maiduguri ta daɗe cikin duhu bayan lalata turakun wutar layin Damaturu a farkon 2021 ya san cewa ɗakin ajiyar iri a nan dole ya dogara da hasken rana.

Mataki na uku, wanda ya fi kowanne ɗorewa, yana hannun 'yan kasuwa. Irin da ke da mai saye ba ya ɓacewa. A yau dillali yakan haɗa dawa kala uku a buhu ɗaya ya sayar da farashi ɗaya, ta haka manomin da ya wahala wajen tsabtace irinsa ba ya ganin ladan wahalarsa. Idan manyan 'yan hatsi na Maiduguri da Dawanau suka fara ware kaya da sunansu, masakwa dabam, jan waken Borno dabam, suka ɗan ƙara wa mai kaya tsantsa farashi, manomi da kansa zai kula da irin ba sai an roƙe shi ba. Haka nan masu sarrafa gugguru a leda za su iya ƙulla yarjejeniya da ƙungiyoyin manoma a tudun Biu ko a wuraren noman rani, su ba da iri, a keɓe masa gona nesa da sauran masara, su saye amfanin a farashin da aka amince tun kafin shuka. Duk buhun da aka noma a gida, an rage neman dala ke nan, kuɗin mota ya ragu, kuma ɗan kasuwa ya tsira daga hawa da saukar canji. Masu bincike kuma aikinsu ne su gwada masarar gado mai taurin ƙwaya da ke hannun manoma, su ga wadda ke fashewa, su auna ta da ta waje, su tace ta har ta kai matsayin da kasuwa ke so.

Akwai kuma batun haƙƙi. Dokar kare sababbin nau'o'in shuka ta 2021 ta ba wanda ya ƙirƙiro iri damar cin moriyar aikinsa, kuma hakan yana ƙarfafa zuba jari. Amma wajibi ne masu aiwatar da ita da Hukumar Kula da Iri ta Ƙasa su tabbatar ba a wayi gari wani ya ɗebi irin mutanen Marte ko Kukawa, ya ɗan gyara shi, ya sa masa suna, sannan ya dawo yana sayar wa jikokin masu shi ba tare da ko ambaton asalinsa ba. Rubuta sunan gari da al'umma tun ranar karɓar samfur shi ne shaidar da za ta kare su gobe.

Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙiyasta cewa kashi 75 cikin 100 na nau'o'in amfanin gona na duniya sun salwanta a cikin ƙarni na 20. Gidan da ya rushe ana sake gina shi, kasuwar da ta ƙone ma an ga yadda aka sake tayar da ita, amma irin da ƙwayarsa ta ƙarshe ta shiga tukunya ya tafi ke nan har abada. Da tsohuwar zuma ake magani. Muna kira ga gwamnatin jiha, cibiyoyin bincike, ƙungiyar 'yan kasuwa da sarakunan gargajiya da su zauna kan wannan batu kafin damina mai zuwa, domin kowace shekara da ta wuce tana tafiya da wani abu daga cikin dukiyar. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya dawo da zaman lafiya mai ɗorewa a ƙasar Borno.